Kabarin Mai Tozali a Bakin Ramin Darma

Ana idar da sallar asuba muka fito daga Soron Ɗinki, ni da mahaifina, kowa da 'yar jakarsa, shi kuma ya ƙara da buta da darduma. Masu bibiyata a nan sun dame ni da tambayar ina na shige kwana biyu, har wani ya ce ko aure na ƙaro a ɓoye. Ba aure ba ne. Ƙasar Ibo muka je, can wajen Abakaliki, neman kabarin kakana.

Gidanmu gidan tozali ne. Tun kakan kakana muke da rumfa a Kasuwar Kurmi, a layin masu kwalli da tandu. Ga wanda bai taɓa ganin tozali kafin a niƙa shi ba, dutse ne mai nauyi da ƙyalli kamar fasasshen madubi, kuma daga jikinsa ake narko darma. Ba a Kano ake haƙo shi ba. Kakana, Malam Habu, shi ke zuwa saro shi daga tsofaffin ramukan Abakaliki, ya hau jirgin ƙasa zuwa Inugu, daga can ya bi babbar mota. A shekarar da ƙasa ta yamutse, gab da yaƙin basasa, ya tafi da damina bai dawo ba. Babana a lokacin yana famfara.

Kakata, wadda muke ce wa Inna, ta yi ta jira har alƙali ya yanke ta shiga takaba. Ta shiga, ta fita. Kowa ya san mai takaba ba ta sa kwalli, to ita tun daga nan ba ta ƙara sawa ba. Matar mai tozali, uwar mai tozali, ga tandu a rataye a ɗakinta, amma ni tun da na buɗi ido ban taɓa ganin idon Inna da kwalli ba, ko da sallah, ko da biki. In an matsa mata sai ta ce ba za ta yi wa idonta ado ba alhali ba ta san ko an rufe masa nasa ba. Tambayarta ɗaya ce duk shekarun nan: an yi masa sutura, ko a daji aka yar da shi? Yanzu ta tsufa ƙwarai, bara ma sau biyu muka zaci tafiya ce.

Wani da ke kawo wa Baba kaya ne ya yi suɓutar baki a rumfa. Ya ce a wani ƙauye can akwai wuri a tsakiyar ramuka da masu haƙa ba sa taɓawa, wai shi wurin Bahaushe, kuma yanzu katafila ta kusa cin ƙasa har gindinsa. Baba bai ƙarasa cinikin ranar ba. Ni kuwa na hau faɗa, don ba na ɓoye muku, tsoro nake ji. Na ce masa a wannan zamani da ake sace mutane a hanya kamar kaji, za mu ɗauki ƙafa mu tafi inda ba mu san kowa ba saboda maganar ɗan kasuwa? Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "To ka zauna ka kula da rumfa." Ya san ni sarai. Washegari ni na je na tambayo kuɗin mota.

Adaidaita sahu ta fitar da mu ta Ƙofar Ɗan Agundi zuwa tashar Unguwa Uku. Mun ƙi motar dare, muka ce gara mu yi ta yanka tafiyar da rana. Kuɗin mota ya kusa ninka abin da na sani bara, kuma duk da haka mutum huɗu aka cusa a kujerar mutum uku. Ni na samu tsakiya, tsakanin Baba da wani mai ƙiba da ya yi barci a kafaɗata tun kafin Kwanar Dangora. Shingayen bincike kuwa na daina ƙirga su. Wani na soja, wani na 'yan sanda, wani ma ba ka san na su waye ba, gungumen itace ne kawai da mutum a tsaye. A wasu wuraren direba ya kan kashe rediyo ya taka mota, kowa ya yi tsit yana motsa leɓe. Ba sai an gaya maka dalili ba, ƙonannun gidaje a gefen hanya sun isa bayani.

Mun ci dankali da ƙwai a Jos, sanyi na kaɗa mu. Daga Akwanga ƙasa ta fara sauya launi, ciyawa ta yi tsawo, mata suka riƙa turo ayaba da gyaɗa ta taga. A Lafiya na ga tulin doya da ya sa na ji haushin duk doyar da na taɓa saya a 'Yan Kaba. Muka haye gadar Binuwai da yamma, muka kwana a Makurɗi. Baba ya daɗe yana kallon gadar jirgin ƙasa daga nesa, ya ce ta nan mahaifinsa ya wuce.

Kashegari muka bi ta Otukpo zuwa Inugu, sannan Abakaliki. Garin shinkafa ne, tun daga nesa za ka hango tsaunin ɓuntu a bayan injinan casa. Mun sauka a wajen wani Bakano mai sayar da albasa, wanda ya shekara da shekaru a can har Ibo ya zauna a bakinsa. Shi ya karɓi aikin yi mana tafinta. Amma ya ce gobe Litinin, ba fita, ranar zaman gida ce ta dole da 'yan aware suka ƙaƙaba, duk wanda ya fito da abin hawa ya sayi abin da ya same shi. Haka muka wuni a tsakar gida, gari shiru kamar an yi shara, ba hon, ba kiɗa. Na yi ta zirga-zirga ina tsaki. Baba ya ce mutumin da ya jira fiye da shekara hamsin ba wuni ɗaya ne zai gagare shi ba.

Talata da hantsi muka hau babura. Hanyar jar ƙasa ce, manyan motoci sun farfashe ta, ga kunyoyin doya hagu da dama, kowace ta kai ƙugun mutum. Can sai gonaki suka ƙare, muka shiga ƙasar ramuka.

Ban san me na zata zan gani ba, amma ba wannan ba ne. Tsofaffin ramukan mutanen gari ƙanana ne, bakinsu kamar na rijiya, ciyawa ta rufe da yawansu, sai an riƙe maka hannu kake bi. Gaba kaɗan akwai na zamanin Turawa, manya, sun cika da wani koren ruwa da ba ya motsi, ga ragowar ƙarafunan inji sun yi tsatsa, bishiya ta fito ta tsakiyar wani. Tulin tarkacen dutse ko ciyawa ba ta tsira a kansa. Na duƙa na ɗauki wani ɗan ɓarɓashi, nauyinsa ya ba ni mamaki, na juya shi ya yi wal a rana. Abin da na tashi ina gani a faranti a rumfarmu, wanda ya ciyar da mu, ya yi mana makaranta, ya aurar da ƙannena, ga shi a zube a ƙasa ana takawa. Mata na zaune a inuwa suna fasa dutse da guduma, hannuwansu sun yi toka-toka. Na tuna yadda likitoci ke ta jan kunne yanzu a daina sa wa jarirai kwalli saboda gubar darma, abin da ya rage mana ciniki, na dubi waɗannan da ke shaƙar ƙurarsa safe da yamma, na ji kunyar ƙorafin da nake yi.

Aka kai mu gidan wani tsoho, dogo, siriri, ya ɗaura zane a kafaɗa. Mai albasa ya yi masa bayani. Tsohon ya matso ya kama fuskar Baba da hannu biyu yana dubawa, kamar mai duba tsabar kuɗi. Sai ya ce da Hausa tsantsa, "Mai tozali." Ashe 'yan kalmomin da suka rage masa kenan, da sannu, da madalla.

Ya ba mu kujera, ya kawo goro, ya fasa ya yi addu'arsa irin tasu. Ya ce kakanninsa sun fara haƙa tun ba a san Bature ba. Da fartanya da igiya suke shiga, su fito da dutsen, mata su wanke. Masunta na saye don nauyin taru, maharba na narkawa su yi harsashi, amma manyan masu saye Hausawa ne, saboda ido. Kowane Bahaushe da mai masaukinsa, kuma mai masaukin kakana shi ne mahaifin wannan tsoho.

Daga nan muryarsa ta yi ƙasa, mai albasa ma ya rage tasa. Ya ce da labari ya iso cewa ana kashe mutanensu a Arewa, gari ya ɗauki zafi, matasa suka shiga neman duk wani Bahaushe. Mahaifinsa ya ce baƙon da ya ci abinci a gidansa ba za a taɓa shi ba. Suka saukar da kakana cikin wani tsohon rami mai lungu a ciki, shi wannan tsoho, yana saurayi a lokacin, shi ke zura masa doya da ruwa. Hanyoyi duk an rufe, ba ta inda za a fitar da shi. Ramin da damshi, ga sanyi, tari ya kama shi. Duk da haka kullum kafin gari ya waye sai ya hauro, ya wanke hannu da fuska da ƙafa, ya tsaya a gaban wasu duwatsun tozali da ya jera a bakin ramin, ya yi ta sa goshi a ƙasa. Wata safiya suka same shi a wurin, a kwance, ya cika.

Baba ya sunkuyar da kai ya yi salati. Ni na kasa haƙuri, na ce a tambaye shi me suka yi da gawar. Tsohon ya miƙe ya ce mu biyo shi.

Wurin yana kan wani ɗan tudu, an ci ƙasa ta ko'ina an bar shi shi kaɗai kamar tsibiri. Ana jin rurin katafila daga gangare. Ga jerin duwatsun nan da kakana ya yi wa kansa masallaci, irin wanda matafiyanmu ke yi a bakin hanya, ba wanda ya ɗauke ko ɗaya, alhali kowane ɗaya kuɗi ne. A bayansu ga kabari, an kewaye shi da dutse, an share shi tas. Tsohon ya ce jijiyar dutsen mafi kyau ta ƙarƙashin nan ta bi, an sha zuwa da magana, shi kuma ya sha korar mutane. A al'adarsu baƙon da ya mutu a hannunka ajiya ne, ba ka da ikon motsa shi sai danginsa sun zo. Su kuma ba su san kowa nasa ba, Kano kawai suka sani, bayan yaƙi kuma masu sayen tozali na da ba su ƙara dawowa ba.

Ya ce ba su san yadda Musulmi ke yi wa mamaci ba, ba kuma wanda za su tambaya. Sai suka bi abin da suka ga yana yi. Suka ɗauki butarsa suka wanke masa hannu, da baki, da fuska, da ƙafa. Suka warware rawaninsa fari suka naɗe shi. Mahaifin tsohon ya rufe masa ido, ya tsaya a kansa ya faɗi kalma ɗaya da suka riƙe daga bakinsa. Tsohon ya ɗaga hannu biyu daidai kunne, ya ce, "Allahu akbar."

Sannan ya nuna kabarin da sandarsa. Ya ce da suka zo haƙa sun yi ta shawara, daga baya suka miƙar da shi, kansa ya nufi inda yake sa goshi.

A nan ne na lura. Kabarin daga yamma ya miƙe zuwa gabas. Mu kuwa kowa ya sani, kudu da arewa ake haƙawa, a kwantar da mamaci a kan damansa, fuskarsa ce ke duban alƙibla, ba tsakar kansa ba. Bakina da ba ya iya shiru ya riga ni. Na matsa kusa da Baba na ce a hankali, "Baba, ai ba haka ake kwantarwa ba. An yi shi a karkace." Bai dube ni ba. Ya ɗora ƙafarsa a kan tawa ya danna, irin dannar da rabona da ita tun ina yaro a gaban baƙi.

Tsohon ya ga mun yi magana. Ya tambayi mai albasa me muka ce, mai albasa ya yi kamar bai ji ba. Sai tsohon ya juyo wajen Baba. Ya ce mahaifinsa har ya mutu yana wannan tunani, shi ma da shi ya tsufa. Sun yi daidai, ko sun ɓata wa baƙonsu hanya?

Baba ya kama hannunsa da hannu biyu. "Gaya masa sun yi daidai," ya ce da mai albasa. "Gaya masa ni ɗansa ne, na gani da idona, na kuma gode. Allah ya saka wa mahaifinsa."

Tsohon ya zauna a ƙasa daɓas ya rufe fuska da zanensa.

Dama kafin mu taso Baba ya tambayi limamin unguwarmu, liman ya ce in an samu kabarin kuma ba a sallace shi ba, a sallace shi a nan. Muka yi alwala da butar Baba. Ya shiga gaba, ni da mai albasa muka tsaya a bayansa, ta wajen ƙafafun kakana, tunda haka kabarin ya ba mu. Mata masu fasa dutse suka ajiye guduma, wani ya ruga ya tsayar da katafila. Kabbara huɗu, ba ruku'u ba sujada, sallar da ba ta kai tsawon shan ruwa ba, ita gidanmu ke jira tun kafin a haife ni. A kabbara ta ƙarshe muryar Baba ta karye, ni ma na daina ɓoye hawayena.

Da aka tambayi Baba ko za mu tone mu tafi da kakana, ya ce a'a, a bar shi wajen waɗanda suka san darajarsa. 'Ya'yan tsohon suka yi alkawari a gabanmu za su kewaye wurin da bulo. Baba ya nemi izinin ɗaukar dutse ɗaya daga jerin, tsohon da kansa ya zaɓa masa.

Har mun hau babur tsohon ya tsayar da mu. Ya ce yayansa tela ne, yana Kano a wancan lokaci, bai dawo ba, ba su kuma ji komai ba. Ko mun san wanda ya rufe shi? Ya faɗi sunan, ya maimaita. Mai albasa ya dubi ƙasa. Baba ya ce bai sani ba, amma zai tambayi tsofaffi. Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce madalla.

Dawowa ba ni da abin ba ku labari sosai. Hanyar ce dai, shingayen ne dai, sai buhun shinkafa da mai albasa ya ɗora mana dole, wanda ya jawo mana tambaya a kowane shinge. A wajen Lafiya na ce wa Baba, shin abin da ya gaya wa tsohon nan ba ƙarya ba ce? Ya ce, "Sun wanke shi, sun naɗe shi, sun rufe shi, a ranar da ake neman ransa. Kai da ka san kudu da arewa, wa ka taɓa ɓoyewa a rami?"

Mun shigo Kano da la'asar sakaliya. Inna na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ba ta ko bari mun cire takalmi ba. Baba ya durƙusa a gabanta.

"Inna, an yi masa sutura. An wanke shi, an rufe masa ido. Mun sallace shi."

Na zaci zai tsaya a nan, sai na ji ya ci gaba, ya gaya mata komai, har yadda aka miƙar da kabarin. Na ce a raina shi kenan, an ɓata. Inna ta riƙe haɓa.

"Da ka suka nufar da shi gabas? Allah sarki, bayin Allah." Ta yi 'yar dariya, hawaye na bin kumatunta. "Ai Ubangiji ya san inda gabas take."

Baba ya kwance dutsen daga bakin hankici ya sa mata a tafin hannu. Ta jinjina nauyinsa, ta shafa, ta ce a ajiye mata shi a ƙarƙashin matashi, kada a niƙa. Da muka ba ta labarin tambayar tsohon, ta ce a faɗa mata sunan telan. Ta maimaita shi har ya zauna a bakinta, ta ce ta san tsofaffin da za a fara da su.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya ishe ni. Na tashi ina ganin tozali kaya ne kawai da ake aunawa a Kurmi, ban taɓa tambayar hannun wa ya fito da shi daga ƙasa ba, ko wa ya kwana a cikin ramin. Na kuma tafi da tsoron mutanen da suka fi shekara hamsin suna share kabarin kakana, suna hana kansu arzikin da ke ƙarƙashinsa. Mun karɓo ajiyarmu, tasu kuwa har yanzu ba mu san inda take ba, kuma wannan ya tsaya mini a rai.

Da safe na shiga gaida Inna, na tarar ta sa an sauko mata da tandun nan na jikin bango. Ta ƙi yarda kowa ya taya ta. Hannunta na rawa ta zizara, na dama ya zauna, na hagu ya zarce har gefen kunci. Ƙanwata ta miƙa hannu za ta goge mata, na riƙe hannun. Inna ta ɗago ta dube mu da idon da ban taɓa gani ba, ta ce, "Ya yi?"

Na ce, "Ya yi daidai, Inna."